Mene ne wasan mutum ɗaya mai zagaya ƙauyukan Sikotland?

A harkar wasan kwaikwayo ta ƙasar Sikotland akwai wani nau'i da ake yawan ambata: ɗan wasa guda, ba abokin tafiya a dandamali, ya ɗora kayansa a ƙaramar mota ya bi ƙauyuka da tsibirai yana nuna wasan da aka gina kan tatsuniyoyin ƙasar. Shi ne mai ba da labari, shi ne masunci, shi ne matar masuncin, wani lokaci har rurin teku da bakinsa yake yi. Idan ya samu mai rakiya, to mai kula da fitilu da sauti ne.

Dalilin yawon a fili yake. Manyan gidajen wasa suna birane irin su Edinbara da Gilasgo, alhali mutanen tsaunukan arewa da na tsibirai a warwatse suke. Jirgin ruwa daga Aberdeen zuwa Lerwick a tsibiran Shetland yakan ci awa 12 ko fiye, kwana ake yi a hanya. Kai 'yan wasa goma irin wannan wuri, da masauki da abinci, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Mutum ɗaya kuwa da akwati biyu zai iya.

Abin da ƙauyen yake da shi shi ne zauren taron gari, inda ake biki, ake rawa, ake zaman shawara. Mai shirya zuwan wasan galibi ɗan sa-kai ne daga garin. Shi ke riƙe da makulli, shi ke manna takardar sanarwa a kanti, ya jera kujeru, ya ɗora ruwan shayi. Ɗan wasa yakan iso da rana, ya rataya baƙin yadi a bango, ya kafa 'yan fitilunsa, da dare ya yi wasa, ya kwashe, washegari ya kama hanya. Kuɗin tikiti da wuya ya rufe ɗawainiya, shi ya sa ake dogara da tallafin Creative Scotland, hukumar da ke tallafa wa harkokin fasaha a ƙasar, da ƙungiyoyi masu haɗa 'yan wasa da waɗannan 'yan sa-kai.

Amma a ganina, wanda ya ce ƙarancin kuɗi kaɗai ya haifi wannan salo bai kai ga gindin maganar ba. Tun asali bakin mutum ɗaya ne ke ɗauke da waɗannan labarai. Masu jin harshen Gelik, tsohon harshen mutanen tsaunuka da tsibiran yamma, suna da al'adar da suke kira ceilidh, ana furta ta kamar "keli": maƙwabta su taru gidan wani a dogon daren hunturu, a zauna gefen wuta, wani ya ba da labari, wani ya yi waƙa, mata na saƙa. Yau an fi sanin kalmar da taron rawa, amma hirar gida ce farkonta. Ɗan wasan da ya tsaya shi kaɗai gaban mutanen da suka san juna, gurbin wancan mai labarin ya hau.

A ɗauki labarin selkie, wanda ya shahara a tsibiran Orkney da Shetland. Wata dabbar teku ce mai santsin jiki, siffarta ba ta da nisa da ta ayu, wadda ake cewa takan tuɓe fatarta a bakin gaɓa ta zama mace. Wani masunci ya sace fatar ya ɓoye, dole ta aure shi, har ta haifa masa 'ya'ya. Ranar da ta gano inda fatar take, sai ta saka abarta ta koma ruwa, ta bar gida da yara. A wasan mutum ɗaya, mayafi guda ya isa: a kafaɗa fata ne, a dunƙule a hannu jariri ne, a shimfiɗe a ƙasa igiyar ruwa ce. Mutanen da teku ya cinye musu iyaye da 'yan'uwa, waɗanda samarinsu ke barin tsibiri neman aiki, ba sa buƙatar a yi musu fashin baƙi. Akwai kuma kelpie, dokin ruwa da ke yaudarar mutum ya hau shi ya nutse da shi, da Cailleach, tsohuwar da ake danganta hunturu da duwatsu da ita.

Labaran sun tsira ne saboda wasu sun tashi tsaye. John Francis Campbell ya tattara tatsuniyoyin yammacin tsaunuka ya fara buga su a 1860. A 1951 Jami'ar Edinbara ta kafa cibiyar nazarin al'adun Sikotland, inda irin su Hamish Henderson da Calum Maclean suka bi gida-gida da na'urar ɗaukar murya. Da yawa daga cikin muryoyin nan yanzu suna intanet a rumbun Tobar an Dualchais, 'yan wasa na komawa can su saurara. Shi ma yawon zauren gari yana da tarihi: a 1973 ƙungiyar 7:84 ta John McGrath ta zagaya ƙauyukan arewa da wasa mai tsarin ceilidh kan yadda masu filaye suka kori talakawa daga gonakinsu. Su da yawa ne a dandamali, amma sun share hanya. Gidan wasan ƙasa ma da ya fara aiki a 2006 ba shi da ginin nuna wasa na kansa, zagaye yake yi.

Abin da ke damuna shi ne haƙƙin masu labari. Da yawa daga cikin tatsuniyoyin nan daga bakin matafiyan Sikotland aka ɗauko su, wata al'umma mai yawo da ta rayu a tantuna suna shan wulaƙanci. Duncan Williamson, wanda ya rasu a 2007, ɗaya ne daga cikinsu, kuma ya riƙe labarai masu ɗimbin yawa a ka. Ɗan wasa nagari yakan faɗi a bakin wa ya ji labarinsa, kuma daga wane tsibiri ko kwari ya fito. In ya yi sakaci, a zauren gari ba labulen da zai ɓuya a bayansa: ana gama wasa zai sha shayi da 'yan kallo, cikinsu kuwa ba a rasa dattijuwar da za ta gaya masa cewa ba haka kakarta ta faɗa ba.