Yara nawa ya kamata su zauna a aji ɗaya? Tambayoyi da amsoshi daga Zariya

Duk wanda ya leƙa firamaren gwamnati a Tudun Wada, Sabon Gari ko cikin birni a farkon zango ya san me ake nufi da cunkoso. Ga tambayoyin da iyaye da malamai suka fi yi a kai.

Shin akwai ƙa'idar da ta iyakance yawan yara a aji?

Akwai, kuma ta daɗe. Kundin manufofin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 25 a ajin share fage, 40 a babbar sakandare. Sai dai manufa ce a takarda, ba a hukunta kowa idan an zarce.

To me ya hana aiki da ita?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Idan uwa ta riƙo hannun ɗanta ta zo, hedimasta ba shi da hurumin cewa guri ya cika, kuma bai kamata ya samu wannan hurumin ba. Da gwamnatin Kaduna ta fara ciyar da ɗalibai a 2016, yara sun yi ta kwararowa, ɗakunan kuwa suna nan yadda suke. Yi lissafi da kanka: makaranta mai yara 1,400 tana bukatar ɗaki 40 da aƙalla malami 40. Idan ɗaki 14 take da shi, kowane aji zai ɗauki yara 100, ko ana so ko ba a so.

Ai mu ma da yawa muka yi karatu. Yawan ne ke hana koyo?

Na taɓa tsayawa bakin tagar wani aji biyu a cikin birni. Layin gaba sun manne da allo har ƙurar alli na zuba musu a ka. Na tsakiya biyar-biyar a benci ɗaya, sauran a ƙasa kan buhun da suka zo da shi daga gida, littafi a kan gwiwa. Malama ta kira rajista, ta raba faɗa biyu, ta rubuta layi uku, aka kaɗa ƙararrawa. A can baya akwai wata yarinya da ke motsa baki tare da kowa idan ana maimaitawa, amma da na dubi littafinta, harafi ɗaya take ta zanawa tun daga saman shafi.

Wannan yarinyar ce asarar. Idan darasi na minti 35 ne, yara kuma 100, rabon kowane yaro daƙiƙa 21. Aji zai iya amsawa da murya ɗaya har maƙwabta su ji, amma koyon karatu sai an zauna kusa da yaro an ji inda yake tuntuɓe. Littafi ɗari kuma ba ya dubuwa a rana, dole malama ta rage aikin da take bayarwa. A haka yaro zai kai aji shida bai iya haɗa baƙi ba, iyaye su ce ba shi da kai.

Wa ke da alhakin ƙara ajujuwa da malamai?

Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga hukumar UBEC mai kula da ilimin bai-ɗaya a matakin ƙasa, amma jiha ba ta karɓar rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ce ke gudanar da aikin. Albashin malaman firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi yake fitowa, kuma nan gizo ke saƙar. Gini sau ɗaya ake yi a yanka kirtani, albashi kuwa kowane wata ne. A 2017 jihar ta sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar gwaji, ta shiga ɗaukar wasu. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, musanya malami da malami ba ya rage yaro ko ɗaya daga aji.

Abin da ke ci mini rai shi ne Zariya ba ta rasa masu takarda ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello, ga tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) da ta yi shekaru tana yaye masu takardar shaidar malanta ta NCE. Da yawansu suna makarantun kuɗi kan albashin da bai taka kara ya karya ba.

A raba yara, 'yan safe da 'yan rana mana?

Yana rage cunkoso nan take, amma da tsada. Awannin karatu suna raguwa, 'yan rana suna shan zafin bazara, kuma lokacin yana cin karo da Islamiyya, abin da iyayen Zariya ba za su yi wasa da shi ba. Idan kuma malamin safe ne zai yi rana, an ninka masa wahala ne kawai. A yi shi na wucin gadi, da malamai daban, a kuma faɗi ranar dainawa.

Daga ina ya kamata a fara?

Daga aji ɗaya zuwa uku, inda ake koyon karatu da lissafi. Ba za a kai 35 a shekara ɗaya ba, amma saukowa daga 100 zuwa 60 a waɗannan ajujuwan abu ne mai yiwuwa. Sannan a daina raba jimillar ɗalibai da jimillar malaman ƙaramar hukuma, don wannan lissafin yana ɓoye makarantar da malamai suka yi mata yawa da wadda mutum uku ke riƙe da ita. A ƙirga kawuna ɗaki-ɗaki. Kwamitin kula da makaranta (SBMC) na kowace makaranta, wanda iyaye da masu unguwa ke ciki, zai iya yin wannan ƙidayar a safiya ɗaya, ya liƙa adadin a ƙofar kowane aji, ya kai kwafi ofishin sakataren ilimi kafin a yi rabon sababbin malamai.