Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Yi Mini Kan Littattafan Tsoro, Almara da Tarihi

Na daɗe ina koyar da adabin Hausa a wata makarantar sakandare a nan Kaduna, kuma duk ranar Asabar wasu ɗalibai kan taru a zaurena da ke Tudun Wada mu tattauna abin da suka karanta. Tambayoyin da ke biye, yara da iyayensu sun yi mini su har bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta amsoshin domin duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Malam, mene ne bambancin labarin tsoro da na almara?

Idan aljani ya ɗauki jarumi ya tashi da shi zuwa wani birni na zinariya, almara kake karantawa. Idan kuwa ya laɓe a bayan ƙofar banɗaki yana jiran wanda zai fito cikin dare, wannan labarin tsoro ne.

Ashe ba daga Turawa muka kwaikwayo irin waɗannan labarai ba?

Duk mai wannan tambaya bai taɓa zama gaban kakarsa da dare an ce masa "ga ta nan ga ta nanku" ba. Dodo da mayu da fatalwa suna bakin Bahaushe tun kafin boko. A rubuce ma, gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ita ce ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda jaruminsa ya kai har ƙasar aljanu wajen neman ruwan magani.

Wata ɗalibata 'yar shekara 15 ta ce: "Malam, littafin tarihi yana gundurata, domin tun kafin in buɗe na san wanda zai ci yaƙin." Ta yi gaskiya?

Ta yi rabin gaskiya, kuma laifin marubuta ya fi nata yawa, domin da yawansu sunayen sarakuna da shekarun sarautarsu suke jerawa kamar masu rubuta darasi a allo. Kowa ya san Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, amma abin da mai karatu ke nema shi ne halin da matar wani barde ta shiga da ta ji an ce maza sun watse, da abin da ta ƙulle a zani kafin ta gudu. Na ba ta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, labarin yaron da aka sace aka ƙetara hamada da shi a zamanin cinikin bayi, uwarsa kuma ta bi sawunsa. Asabar ta zagayo ta dawo tana jin haushin abin da ya sami uwar, ba ta ƙara ambaton gundura ba. Bello Kagara ma ya gane wannan tun da wuri, domin a Ganɗoki ya fara da yaƙin da aka gwabza da Turawa a Kwantagora, daga baya ya jefa jaruminsa cikin aljanu.

Zan iya dogara da ƙagaggen labari wajen amsa jarrabawar tarihi?

A'a, kada ma ka soma. Marubuci yana da damar ƙirƙirar mutum ya sa shi a filin yaƙin Burmi, inda aka gwabza da Turawa, kusa da Sarkin Musulmi Attahiru, ya kuma sa masa magana a baki. Mai son sanin abin da ya auku ya nufi Gidan Arewa da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, inda ake adana takardu da littattafan tarihi. Kuna zaune a Kaduna amma yawancinku ba su taɓa leƙa ƙofarsa ba, abin kunya ne.

Malam, ɗana yana kwana karanta labaran aljanu a waya har ya fara firgita. In ƙwace wayar?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ba ni da gajeriyar amsarta, domin ta danganta da shekarun yaron, da irin firgitar, da kuma abin da yake karantawa. Akwai tsoron da yaro ke nema da kansa yana jin daɗinsa, kamar yadda muka riƙa roƙon a maimaita mana tatsuniyar dodo alhali muna maƙale da juna a tabarma. Na san wani ɗalibina da in an ɗauke wuta ba ya iya zagayawa sai ya tashi ƙanensa ya riƙe masa tocila, amma da safe shi ne kan gaba wajen ba da labarin yana dariya, kuma irin wannan yakan wuce da kansa. Idan kuwa barci ya ƙaurace masa kwana da kwanaki, yana gyangyaɗi a aji, ko ya daina yarda ya zauna shi kaɗai ko da rana tsaka, to a nan sai a dakatar da karatun, in abin ya ci gaba a nemi shawarar likita, kada a tsaya ana cewa ai yarinta ce.

Ƙwace waya da faɗa, a abin da na gani, sau da yawa ɓoyo yake koya wa yaro, sai ya koma karantawa a wayar abokinsa inda ba ki da ido. Ya fi kyau ki karɓi wayar bayan sallar isha'i ki mayar masa da safe, ya yi addu'o'in kwanciya ya kwanta, karatun ya koma rana. Sannan ki daure ki karanta ko da babi biyu ne, domin abin da ya fi damuna a labaran da ke yawo a WhatsApp da Wattpad shi ne yawancinsu ba su bi ta hannun edita ba, kuma wasu sukan cusa batsa da zubar da jini da sunan ban tsoro. In kin tarar da haka, ki hana kai tsaye, ki kuma nemo masa wani littafin a madadinsa. Game da hukuncin addini kan ƙirƙirar labaran aljanu kuwa, ni malamin adabi ne, ki kai wannan wajen malaman da suka san fannin. Ki kwantar da hankalinki, yaron da ke hana idonsa barci saboda karatu ya fi sauƙin gyara a kan wanda ba ya buɗe littafi sam.

A cikin ukun nan, wato tsoro da almara da tarihi, wanne ya fi?

Wanda aka rubuta da kyau. Kada a sake tambayata.

Malam, za a ara mini littafi in tafi da shi gida?

Za a ara maka na mako biyu, bayan ka rubuta sunanka da ajinka a littafin aro. Kwafina na Ganɗoki ya fita tun kafin azumi, kuma wanda yake hannunsa ya san kansa, ina jiransa ranar Asabar da ƙarfe goma.