Abincin Yini: Tambayoyi Kan Roƙon da Muke Yi Kowace Safiya

Duk wanda ya tashi a gidan Kirista ya haddace Addu'ar Ubangiji tun kafin ya iya karatu. A tsakiyarta akwai roƙo guda: "Ka ba mu rananga abincin yini." Yana cikin Matiyu 6:11 da Luka 11:3. Yanzu da kuɗin mudun masara yake hana magidanci barci, ya kamata mu tsaya mu duba abin da muke faɗa.

Don me Yesu ya ce a roƙi na yini ɗaya kawai?

Yahudawan da suka ji shi sun san labarin manna, wanda ke cikin Fitowa 16. Bayan Isra'ilawa sun bar Masar, guzuri ya ƙare a jeji, suka yi wa Musa da Haruna gunaguni. Sai Allah ya riƙa sauko musu da abinci kowace safiya. Idan raɓa ta ɗauke, sai a ga wani abu fari-fari ya rufe ƙasa, ɗanɗanonsa kamar waina da zuma. Aka ce kowa ya ɗebi mudu guda, wanda suke kira omer, kada a bar saura ya kwana. Wasu ba su ji ba, suka ɓoye. Gari na wayewa suka tarar ya yi tsutsa yana wari. Ranar shida ce kaɗai aka yarda a ɗebi na kwana biyu saboda Asabaci, ranar hutu, shi kuwa bai lalace ba. Haka suka ci har shekara 40, bai tsaya ba sai da suka ci amfanin ƙasar Kan'ana (Joshuwa 5:12).

Allah yana da ikon zubo musu na shekara a dare ɗaya. Ya zaɓi su riƙa fitowa kullum da ƙwarya a hannu, domin mutumin da ya ƙoshi yakan manta da wanda ya ciyar da shi. Ban da haka, da yawa cikin masu sauraron Yesu 'yan ƙwadago ne da ake sallama da yamma, irin waɗanda aka ɗauka aikin gonar inabi a kan dinari guda a Matiyu 20. Lebura da ke tsaye a bakin titi da shebur tun asuba ya fi kowa gane wannan addu'a.

Ke nan ajiye hatsi a rumbu rashin bangaskiya ne?

Ko kaɗan. Yusufu ya ba Fir'auna shawara a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekara 7 na yalwa, da haka aka ceci Masar da iyalin Yakubu (Farawa 41). Karin Magana 6:6-8 ya tura malalaci ya koyi tanadi wurin tururuwa. A ƙasarmu kuwa damina 'yan watanni ce. Manomin da bai cika rumbu da kaka ba, da me zai riƙe gida har sabon gero ya nuna?

Inda matsala take shi ne a misalin da Yesu ya bayar a Luka 12:16-21. Gonar wani mai arziki ta yi albarka, ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, sannan ya ce wa ransa ya huta, ya ci, ya sha. Ka karanta maganarsa a hankali, ba za ka ji ya ambaci Allah ko maƙwabci ko waɗanda suka yi masa noma ba. A daren nan aka karɓi ransa. Karin Magana 11:26 kuma bai yi kwana-kwana ba: wanda ya ɓoye hatsi, jama'a za su la'ance shi, albarka kuwa tana kan mai sayarwa. Sayen hatsi da kaka a sayar daga baya sana'a ce halal. Amma Kiristan da ya kulle buhuna a sito cikin watan Agusta yana jiran farashi ya ƙara hawa, alhali ya san gidan da ke jikin katangarsa ba a ɗora tukunya ba, a ganina ya kamata wannan aya ta hana shi sukuni.

In Allah ne mai bayarwa, wahalar aiki ta mene ce?

Mannar ma ba ta faɗa wa kowa a baki ba, sai an fita an tattara kafin rana ta narkar da ita. Manzo Bulus ya gaya wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci (2 Tasalonikawa 3:10). Shi kansa ɗinkin tanti yake yi.

Wanda yake da albashi, gidansa cike da abinci, me zai roƙa?

Shi ma yana bukatar addu'ar, wataƙila fiye da kowa. Wani mai hikima, Agur, ya roƙi Allah kada ya ba shi talauci ko wadata, don kada ya ƙoshi ya ce "Wane ne Ubangiji?", kada kuma ya rasa ya yi sata (Karin Magana 30:8-9). Sannan addu'ar ta jama'a ce, kana roƙa wa kanka kana roƙa wa wanda ke zaune kusa da kai a benci. Sa'ad da Bulus yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, labarin manna ya jawo: wanda ya tara da yawa bai yi rara ba, wanda ya tara kaɗan bai rasa ba (2 Korantiyawa 8:15). Dokar Musa ta ce a biya ɗan ƙwadago hakkinsa kafin rana ta faɗi. Idan ka riƙe kuɗin birkila ko na yarinyar da ke yi maka aikin gida, kana cewa "sai wani mako", kai ne ka tare abincin yinin da suka roƙa da safe.

Na yi addu'a, amma mun kwana da yunwa. Allah bai ji ba ne?

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wannan tambaya tana da nauyi, kada kowa ya amsa maka ita da gatse. Kada kuma ka yarda da mai wa'azin da zai ce maka bangaskiyarka ce ta gaza, ko don ba ka "shuka iri" ba ne, wato ba ka ba da kuɗi don a ninka maka ba. Bulus ya lissafa yunwa da ƙishirwa cikin abubuwan da ya sha saboda bishara (2 Korantiyawa 11:27). Annabi Habakuk ya yi maganar lokacin da ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba su ba da abinci ba, garke ya watse, duk da haka ya ce zai yi murna da Allah Mai Cetonsa (Habakuk 3:17-18). Bai ce yunwar ba ta ciwo ba.

Sau da yawa amsar addu'ar tana hannun ikilisiya, mu ne muke jinkirta ta. Wasiƙar Yakubu 2:15-16 ta tambayi amfanin ce wa mayunwaci "sauka lafiya, ka ci ka ƙoshi" ba tare da an ba shi komai ba. A Ayyukan Manzanni 6, da aka kai kuka cewa ana tsallake wasu gwauraye mata wajen rabon abinci na kullum, manzanni ba su ce a je a ƙara addu'a ba. Sun sa aka zaɓi mutum 7, har da Istifanas da Filibus, su kula da rabon. Saboda haka kada kunya ta rufe maka baki. Ka sami fasto ko dattijo, ke kuma ki sami shugabar zumuntar mata, ku faɗi halin da gida yake ciki. Dattawa kuma, hatsin da aka kawo ranar godiyar kaka, a ware wani kaso tun daga ranar, a rubuta sunayen gwauraye da marayu, a fara kai musu da zarar damina ta yi tsakiya.