Aikin gayya: daga gonar mutum ɗaya zuwa kwalbatin unguwa

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a Birnin Kebbi, sai ka ga saƙo yana yawo a WhatsApp: aikin gayya ranar Asabar da ƙarfe bakwai, kowa ya fito da shebur ko baro. Yaron da bai taɓa riƙe fartanya ba zai ɗauka sabon suna ne aka laƙaba wa tsaftar muhalli, alhali kalmar ta girmi kakansa.

Gayya 'yar'uwar gayyata ce. A da, manomin da ciyawa ta fi ƙarfinsa yakan aika wa samarin gari goro, a sa rana. Su zo da garemaninsu, makaɗi na biye da su yana wasa wanda ya riga kowa kai ƙarshen kunya, matan gida su dama fura su tuƙa tuwo. Ba a biyan kowa ko kwabo. Ran da aka kira gayyar wani, mai gonar jiya shi ma zai saɓa garma ya je, kuma wannan ramawar ita ce ƙashin bayan al'adar. Akwai wata gayyar daban, ta "ramuwar gayya" da "yin abu da gayya". Waccan ƙeta ce, rubutu kawai ya haɗa su.

A Kebbi ba Hausawa kaɗai suka san irin wannan ba. Lelna na ƙasar Zuru, waɗanda muke kira Dakarkari, suna da golmo, inda samari ke haɗa ƙarfi su yi shekaru suna noma wa iyayen yarinyar da ɗayansu ke nema. Shi ya sa idan aka ce gayya a unguwar da ta tara Bakabe da Bafillace da Bazabarme da ɗan Zuru da Bayarabe mai shago, ba a yin dogon bayani.

Abin da ya canza shi ne mai gona. Kwalbati ba shi da mai shi, balle a ce ga wanda zai aika goro ko ya dama fura. A nan shugabancin matasa ya shigo. Saurayi ko budurwa ne za su je gaban mai unguwa neman izini, su roƙi liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, fasto ya faɗa ranar Lahadi, sannan a tsayar da Asabar don kada wani ya ce an ware shi. Ranar aikin kuwa ba wurin jawabi. Mutum biyu na cikin kwata har gwiwa suna kwaso ledar fiya wata da yashi, na uku yana tura baro, wata dattijuwa ta miƙo kunun zaƙi a bokiti. Maƙwabtan da gaisuwa kaɗai ke haɗa su shekara da shekaru, a nan suke sanin sunan juna. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a jihar nan ba sai an lallashe shi ba, ya san ruwa ba ya tambayar ƙabila kafin ya shiga ɗaki.

Inda nake ganin gayyar zamani tana tuntuɓe shi ne dashen itace. Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin katangar bishiyoyi ta Afirka ya ratsa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare kwararowar hamada daga Senegal zuwa Jibuti, har gwamnatin tarayya ta kafa masa hukuma a 2015. Matasa sun karɓi abin hannu biyu, sai dai gayyar gona ta yini ɗaya ce, itace kuwa yana son mai kula da shi har ya tsallake rani biyu ko uku. A dasa dogonyaro ɗari cikin Agusta, a ɗauki hoto, a watse. Kafin Maris awaki da zafin rana sun raba su.

Masu wayo cikin shugabannin matasa sun koma wa tsohuwar ƙa'idar ramawa. Kowane dashe a ɗanka shi ga gida ɗaya, a kewaye shi da ƙaya ko tsohuwar taya, wannan layin ya shayar makon nan, wancan mako mai zuwa. A karkara kuma zaɓen itacen ma yana da magana. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne. Idan aka kira gayyar kula da gawo, manomi yana da dalilin zuwa, makiyayin da ke rugar bayan gari shi ma yana da nasa.