Chris Hughton

Christopher William Gerard Hughton, wanda aka fi sani da Chris Hughton, tsohon ɗan ƙwallon ƙafa ne na Jamhuriyar Ailan kuma koci. An haife shi ranar 11 ga Disamba, 1958, a gabashin birnin Landan. Mahaifinsa ɗan Ghana ne mai aikin raba wasiƙu, mahaifiyarsa kuma 'yar yankin Limerick ce a Ailan. Ta ɓangaren uwa ya sami damar yi wa Ailan wasa, ta ɓangaren uba kuma ya horar da Black Stars, tawagar ƙwallon Ghana, bayan ya haura shekara sittin.

Tashe a Tottenham

Hughton bai shiga ƙwallo da ƙafar dama kai tsaye ba. Sai da ya koyi sana'ar gyaran lif, na'urar da ke hawa da mutane bene, yana aiki da rana yana zuwa atisaye da yamma. Bai zama cikakken ɗan wasan Tottenham Hotspur ba sai a 1979, bayan ya kammala koyon sana'ar. Mai tsaron baya ne ta gefen hagu, mai sauri, mai son hawowa gaba. Da shi ƙungiyar ta ci Kofin FA sau biyu a jere, a 1981 a kan Manchester City, a 1982 kuma a kan Queens Park Rangers. A 1984 suka ɗauki Kofin UEFA bayan sun doke Anderlecht ta Beljiyam a bugun fenariti. Ya buga wa Tottenham wasa kusan 400 kafin ya koma West Ham a 1990, daga can ya wuce Brentford, inda ya rataye takalmansa a 1993.

A 1979 ɗin ne ya fara saka koriyar rigar Ailan, ya zama baƙar fata na farko da ya yi wa babbar tawagar ƙasar wasa. Ya buga mata wasa 53, ya ci ƙwallo ɗaya. Yana cikin 'yan wasan koci Jack Charlton da suka je gasar Turai ta 1988 a Jamus, kuma ya buga wasan da Ailan ta doke Ingila da ci 1-0 a Stuttgart, wasan da har yau mutanen ƙasar ba su gaji da labarinsa ba.

Dogon zama a inuwar wasu

Daga 1993 zuwa 2007 yana cikin masu horarwa a Tottenham. Kociyoyi suka yi ta zuwa suna tafiya, shi yana nan. Ya kuma zama mataimakin Brian Kerr a tawagar Ailan daga 2003 zuwa 2005. Da Tottenham ta sallami kocinta Martin Jol a Oktoban 2007, guguwar ta haɗa da shi.

Newcastle United ce ta fito da shi fili. Ƙungiyar ta faɗi daga gasar Firimiya a 2009, ga rikici tsakanin magoya baya da mai kulob ɗin, Mike Ashley. Aka ba Hughton riƙon ƙwarya, sannan aka tabbatar masa da kujerar a watan Oktoba. A kakar 2009-10 ya ɗauki kofin rukuni na biyu da maki 102, ba tare da an ci shi a gida ko sau ɗaya ba. Da suka dawo Firimiya suka lallasa Aston Villa 6-0, suka yi wa maƙwabtansu Sunderland 5-1, suka bi Arsenal har gida suka ci ta. Duk da haka, ranar 6 ga Disamba, 2010, aka kore shi alhali ƙungiyar tana tsakiyar teburi. Wannan kora tana cikin waɗanda aka fi yi wa tir a ƙwallon Ingila na wancan lokaci, kuma da wuya a ga laifin masu tir ɗin.

Ya yi kaka ɗaya a Birmingham City, ya kai ta matsayi na huɗu a rukuni na biyu. Norwich City ta ɗauke shi a 2012, ya gama da ita a mataki na 11 a Firimiya, ta sallame shi a Afrilun 2014.

Brighton

A ƙarshen Disambar 2014 ya karɓi Brighton & Hove Albion tana tangal-tangal a ƙasan rukuni na biyu. Ya tsamo ta, a 2017 kuma ya haye da ita Firimiya. Rabon ƙungiyar da babban rukunin Ingila tun 1983. A Fabrairun 2018 aka zaɓe shi gwarzon kocin wata na Firimiya, baƙar fata na farko da ya sami wannan kyauta. Kakar da ta biyo baya ya kai wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA, ya kuma tsira daga faɗuwa a mataki na 17, amma aka kore shi a Mayun 2019. Ƙorafin da ke bin sa tun daga Norwich shi ne ya fi son tsare gida a kan kai hari: 'yan wasa su ja baya, su toshe hanya, su jira kuskuren abokin karawa. Salon yana hana faɗuwa, sai dai yana gundurar 'yan kallo idan ƙwallo ta daina shiga raga.

Zamansa a Nottingham Forest daga Oktoban 2020 bai kai shekara ba. An raba gari a Satumban 2021 bayan ya sami maki ɗaya kacal a wasa bakwai na farkon kaka.

Ghana

A farkon 2022 hukumar ƙwallon Ghana ta naɗa shi mai ba da shawara ga koci Otto Addo. Yana tare da su lokacin da suka hana Najeriya zuwa gasar cin Kofin Duniya ta Katar: canjaras babu ci a Kumasi, 1-1 a Abuja, ƙwallon da Thomas Partey ya ci a waje ta raba gardama. A Fabrairun 2023 aka ba shi kujerar koci gaba ɗaya.

Gasar cin Kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a Janairun 2024 ba ta zo masa da daɗi ba. Cape Verde ta ci Ghana 2-1, suka yi 2-2 da Masar. A wasa na uku suna gaban Mozambik da ci biyu da nema har aka shiga mintunan ƙarin lokaci, sai aka farke duka biyun. Ghana ta fita tun a matakin rukuni da maki biyu, hukumar kuma ta sallame shi ranar 23 ga Janairu, 2024.