Na'urar auna ƙwaƙwalwa a jinyar firgici: me take yi, me ke ɓata aikinta

Wanda ya tsira daga hari, ko garkuwa, ko mummunan haɗarin mota, sau da yawa hankalinsa ba ya kwanciya ko bayan komai ya lafa. Ƙarar ƙofa ta sa ya zabura, barci ya ƙaurace masa, abin da ya faru ya riƙa dawo masa a mafarki da ido biyu. Idan haka ya wuce wata ɗaya har yana hana shi harkokinsa, shi ne ciwon da likitoci ke kira PTSD. Wasu masu yi wa ciwon magani suna haɗawa da na'urar EEG mai auna wutar da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, wadda muka fi sani a asibitocinmu wajen gwajin farfaɗiya.

Ba ta sa wa kowa wuta a kai. Saurare kawai take yi. Ana goge fatar kai, a shafa wani mai mai kauri, a manna ƙananan faifai masu waya, a maƙala wasu a kunne. Idan taswirar kai duka ake so, hula ce mai faifai 19. Idan horar da ƙwaƙwalwa ta koyi natsuwa ne, ɗaya zuwa kaɗan sun wadatar. Kwamfuta tana rarrabe motsin ƙwaƙwalwa: na natsuwa yana kaɗawa sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, na gyangyaɗi 4 zuwa 8, na tunani da zaman ɗar-ɗar daga 13 zuwa sama. Majiyyaci yana kallon hoto ko yana jin sauti. Da ƙwaƙwalwa ta karkata inda ake so, hoton ya yi haske. Da ta kauce, ya dusashe. A hankali take koyon sassautawa. Zama ɗaya wajen rabin awa ne, sau 2 a mako, kuma ba a gama shi a wata guda: binciken likitan ƙwaƙwalwa Bessel van der Kolk na 2016 a Amurka zama 24 ya yi cikin mako 12.

Ga inda aiki ke lalacewa. Wutar da ake aunawa ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka komai na iya danne ta. Man kitso da gumi suna hana faifai kama fata, shi ya sa ake cewa a wanke kai, kada a shafa komai, mata kuma su tsefe kitso idan ya matse. Ƙifta ido da cije haƙora suna zana layin da ya fi na ƙwaƙwalwa girma, kuma mai firgici dama muƙamuƙinsa a ɗaure yake. Ma'aikacin da bai ƙware ba sai ya ɗauki motsin tsoka a matsayin na ƙwaƙwalwa. Wayar wutar ɗaki da ba a haɗa ta da ƙasa da kyau ba ita ma tana shigo da hayaniya. Goro, kofi da shayi mai kauri suna sauya sakamako, haka ƙwayoyi irin su diazepam. A faɗa wa likita duk abin da ake sha, amma kada a daina magani da kai.

Horon da ake yi ido a rufe yakan taso da tsohon abin tsoro, saboda haka dole ƙwararren da ke ba da horon ya kasance a ɗakin, kuma majiyyaci na da ikon cewa a tsaya. Wasu kan ji ciwon kai ko gajiya bayan zama. Mai farfaɗiya ya sanar tun farko.

A 2023 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura mai suna Prism, amma a matsayin ƙari kan jinyar da aka saba. Binciken da ake da shi na mutane kaɗan ne, kuma EEG ba ya tabbatar da cewa mutum na da PTSD. Hira da ƙwararre ce ke yin wannan. Duk wanda ya nuna maka taswira mai launuka ya ce ga ciwonka nan, ka yi hattara da kuɗinka. Jinyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ita ce ta tattaunawa kan abin da ya faru da kuma EMDR, wato tuno abin da ya faru ana motsa idanu hagu da dama bisa jagorancin ƙwararre. Mai waɗannan alamu ya fara da asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, kamar na tarayya da ke Maiduguri, Kaduna ko Kware.