Ƙaunar Jama'a da Sukarta a Zuciya Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi

Shin mutum zai iya ƙaunar jama'arsa alhali yana ƙyamar wasu halayenta?

Zai iya, kuma rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, shaida ce. Yana cikin waɗanda suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, shi ne kuma ya jagoranci rundunar jama'a a yaƙin Tafkin Kwatto. Amma wajen 1807, da ya ga son mulki da tara abin duniya sun fara shiga zukatan wasu abokan tafiyarsa, sai ya bar su ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Da ya isa Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya, ya karantar da su tafsiri, ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kan yadda ake riƙon mulki bisa shari'a, sa'an nan ya juya ya koma wurin mutanen da ya baro.

Komawarsa na nufin ya janye sukarsa ke nan?

A'a, bai janye ba, kuma a ganina nan ne girmansa yake. Ya koma ne da idonsa a buɗe. Ko bayan rasuwar Shehu a 1817, lokacin da aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, an samu tsamin dangantaka tsakanin baffa da ɗan wansa, har sai da Bello ya kai masa ɗauki a yaƙin Kalambaina suka daidaita.

Wannan ba fuska biyu ba ne?

Mai fuska biyu yana ɓoye abin da ke ransa, shi kuwa Abdullahi ya rubuta nasa ƙarara. Malaman tasawwufi sun daɗe suna kwatanta tsoron Allah da fatan rahamarsa da fikafikan tsuntsu, wanda ba ya tashi da guda ɗaya; ƙauna da nasiha ma haka suke.

To, me ya sa bai zaɓi kaɗaita ba?

Halwa tana da matsayinta a wajen sufaye, amma ta ɗan lokaci ce. Hadisin da Tirmizi da Ibnu Majah suka ruwaito ya fifita muminin da yake cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ya ƙaurace musu, kuma wannan tafarki Abdullahi ya bi har ya rasu a Gwandu.